Wa Ke Jan Garken Giwaye?

A ƙasarmu in an so a yabi babban mutum, sai a ce masa toron giwa. Saboda haka da yawa daga cikinmu muna tsammani toro shi ne sarkin garke, yana gaba, saura suna biye. To, ba haka abin yake ba. Toro ba shi da garke. Da ya kai shekara 12 zuwa 15 sai ya rabu da uwarsa, ya shiga daji shi kaɗai, ko kuwa tare da waɗansu maza, ba ya neman mata sai don barbara. Garken da akan gani, tsohuwa ce da ƙannenta mata da 'ya'yansu da jikoki, ita ce kuwa ke ja.

Kafin mu gane amfaninta, sai mu duba yadda giwa ke wuni. Ciki shi ne ubangidanta. Babbar giwa takan ci wajen kilo 150 a rana, watau nauyin buhun gero ɗaya da rabi, na ciyawa da ganye da ɓawon kuka da 'ya'yan aduwa da na giginya. Wannan yakan ɗauke ta kamar sa'a 16. Barci kuwa kaɗan ne ƙwarai, gama an auna waɗansu giwaye biyu a ƙasar Botswana, aka tarar sa'a biyu kaɗai suke yi, sau da yawa ma a tsaye. In rana ta take, sai su fake a inuwa suna kaɗa kunnuwa. Kada ku zaci don korar ƙuda ne kawai: jini ke bi ta cikin kunnen, iska ta sanyaya shi, sa'an nan ya koma jiki. Daga nan sai a nufi ruwa, kowace babba ta sha garwa shida ko fi, su yi wanka, su shafe jiki da taɓo don maganin rana da cizon ƙwari. Wanda ya je Yankari ta ƙasar Bauci da rani ya san dalilin da ya sa akan nemi giwaye a bakin kogin Gaji.

Da damina duk wannan ba wuya. Amma fa in rani ya tsananta, tafkuna suka ƙafe, ina za a bi? Nan ne ake sanin darajar tsohuwa. Ita ta san hanyoyin da uwarta ta bi da ita tun tana ƙarama, ta san rafin da in an tona yashinsa da haure za a iske ruwa. In ta tsaya, kowa ya tsaya. In ta ji ƙanshin zaki, sai manya su kewaye ƙanana su sa su tsakiya. Suna da wata irin ƙara mai zurfi wadda kunnen mutum ba ya ji, amma 'yan'uwansu na jinta daga nesa, da ita suke kiran juna. Ɗan giwa kuwa ba abin wasa da shi ba ne, don wata 22 uwarsa ke ɗauke da cikinsa, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake haihuwa.

Ga abin da ya faru a dajin Tarangire na ƙasar Tanzaniya cikin 1993. An yi fari mai tsanani, har 'ya'yan giwa 16 daga cikin 81 suka mutu cikin wata tara. Masu binciken da ke lura da su suka ga zuriya biyu sun fita daga dajin sun tafi neman abinci da ruwa, ɗaya ta zauna. Yawancin waɗanda suka mutu daga wadda ta zauna ne. Da aka duba, ashe zuriya biyun nan da suka tashi suna da tsofaffi masu shekara 45 da 38, waɗanda suka ga babban farin da aka yi daga 1958 zuwa 1961. Babbar waccan kuwa shekararta 33, ba ta san wancan fari ba. Tsofaffin zuriyarta maharba ne suka kashe su a shekarun 1970 da 1980, domin hauren tsohuwa ya fi girma, ya fi kuɗi.