Garba: abincin Abijan mai sunan Bahaushe

Duk ɗan Nijar da ya sauka Abijan karon farko, akwai sunan da zai ji ana ta kira a bakin titi har ya waiwaya: garba. Ba mutum ake kira ba. Abinci ne da ma'aikata da ɗalibai da direbobi ke yi wa layi tun da safe a unguwanni kamar Adjamé, Treichville, Abobo da Yopougon. Matafiyin da ya tsaya ya ci, ya kuma tambayi yadda aka yi shi, zai fahimci abubuwa da yawa game da ƙasar Kodibuwa.

Garba haɗi ne mai sauƙi: aceke, soyayyen kifin teku da ake kira ton, ɗanyen tonka yankakke, albasa, wani lokaci da tumatir, sai a murmushe magi a zuba ɗan man suyar a kai. Da hannu ake ci, a ƙaramar rumfar da mutanen gari ke kira garbadrome.

Tushen abincin shi ne aceke, wanda ake yi da rogo. A ido yana kama da dambu, amma yana da ɗan tsami. Asalinsa na al'ummomin kudancin ƙasar ne da ke zaune bakin tafkunan da ke haɗe da teku, kamar Ebrié, Adjoukrou, Alladian da Avikam, kuma garuruwan Dabou da Grand-Lahou sun yi suna a kansa. Aikin mata ne, uwa na koya wa ɗiya. Sai an fere rogon, a wanke, a niƙa shi tare da ɗan rogon da ya riga ya yi tsami da ɗan manja. A bar ƙullun ya kwana, a matse ruwansa, a murza shi ya zama tsaki-tsaki, a shanya, a sheƙe, sannan a turara. Wannan wahala tana da dalili: rogo mai ɗaci na ɗauke da guba, kuma tsamin da matsewar da turarawar ne ke fitar da ita. A watan Disamba na 2024, hukumar UNESCO ta sanya sanin yin aceke cikin jerin al'adun gado na duniya, kamar yadda ta yi wa kuskus na ƙasashen Magrib a 2020 da dafa-dukan shinkafa da kifi ta Senegal, ceebu jën, a 2021.

Kifin kuma yana ba da labarin tashar jiragen ruwan Abijan, ɗaya daga cikin manyan wuraren sauke ton a Afirka. Masana'antu na ɗaukar manyan kifaye su sa a gwangwani don kaiwa Turai. Ƙanana da waɗanda suka ɗan ji rauni, waɗanda masana'antu ba sa so, su ne ke shiga kasuwar gari da araha. Daga nan masu garba ke saye. Shi ya sa kifin da ke da tsada a wasu ƙasashe ya zama cimar talaka a Abijan.

Sai sunan. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa ƴan cirani daga Nijar ne suka riƙe wannan sana'a, kuma da yake Garba suna ne da ya yi yawa a cikinsu, sai masu saye suka laƙaba wa abincin. Har yau maza ne suka fi sayar da shi, kuma ƴan Nijar na da yawa a cikinsu. Ke nan a faranti ɗaya akwai aikin matan bakin teku, da na masunta, da na ɗan Tawa ko Dogonduci da ya baro gida neman na kansa. Shi kansa rogon baƙo ne: Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka daga Kudancin Amurka.

Da yawa daga cikin masu zuwa fatauci ko karatu kan tsaya wajen ƴan uwansu, su ci tuwo da fura kamar suna Maraɗi, su dawo ba su san abin da maƙwabcinsu ke dafawa ba. Hakan na da asara. Ɗan kasuwa da ya zauna benci ɗaya da abokin cinikinsa, suka ci abu ɗaya, ya fi saurin samun amincewa. A rumfar garba mutum zai koyi cewa shi ke zaɓar yankan kifinsa da cokali mai yatsu, ya faɗi na nawa yake son aceke, ya kuma ji faransancin titi da ake kira nouchi, wanda ba a koyar da shi a lakwal.

Daga garba ana iya wucewa zuwa sauran: aloko, wato soyayyar agade, futu da ake kirɓawa da agade da rogo a ci da miyar kwakwar manja, da kedjenou na Baoulé, kaza da ake rufewa a tukunyar ƙasa ta dahu da ruwan jikinta. Amma a gidajen abinci da ake kira maki, ana iya samun naman alade da naman daji da giya, don haka musulmi ya tambayi irin naman kafin ya zauna. A wajen garba kuwa abin dubawa shi ne man suya: idan ya yi baƙi saboda maimaitawa, gara a wuce gaba, a nemi rumfar da ke da jama'a, inda kifi ba ya daɗewa a ajiye.

Yanzu ana samun aceke a Yamai da sauran manyan garuruwan Nijar. Wanda ya taɓa ganin mata na murza rogo a Dabou ya san yawan hannayen da ƙullin ya bi kafin ya iso gabansa, kuma idan ya ji tsamin ya san ba lalacewa ya yi ba.