Kafin Mu Sayi Kwamfuta: Babbar Lamba Ba Ita Ce Sauri Ba

Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, da yawa daga cikinmu a Ungogo muke mafarkin mallakar 'yar kwamfutar cinya, ko da ta hannu ce, don mu saba kafin ranar. Kuɗin kuwa ba daga sama suke faɗowa ba. Wani buhunan gero mahaifinsa zai sayar, wata kuma akuyar mahaifiyarta ce za ta tafi. Don haka bai kamata mu shiga kasuwa ido rufe ba.

Abin da ake fara nuna mana shi ne wata lamba, misali 2.4 GHz ko 3.0 GHz. Wannan shi ne saurin agogon firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Gigahaz ɗaya na nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Firosesar farko da kamfanin Intel ya fitar a 1971, mai suna 4004, bugu dubu 740 kacal take yi a daƙiƙa.

To, ashe mai babbar lamba ita ce gwana? A'a. Mu ɗauki injin niƙa a Bachirawa ko Panisau. Injin na iya juyawa kamar walƙiya, amma idan yaro ɗaya ne ke kawo masa hatsi da ɗan ƙaramin kwano, rabin lokacinsa ƙara kawai zai yi ba gari. Haka firosesa take. Bayanan da za ta sarrafa suna zaune ne a ma'ajiyar da ake kira RAM, kuma akwai hanyar da suke bi su iso gare ta. Masana na kiran wannan hanya "bas". Idan tana da jinkiri ko ƙunci, firosesa sai zaman jira.

Tarihi ya nuna haka. Pentium 4 ta kai 3.8 GHz, saurin bas ɗinta kuma 800 MHz. A 2006 sai ga Core 2 Duo E6600 mai 2.4 GHz kawai, amma bas ɗinta 1066 MHz, ga ƙwaƙwalwa biyu a ciki, kowacce tana gama aiki mai yawa a bugu ɗaya. Ta bar Pentium 4 a baya, ga ƙarancin zafi da cin wuta, abin da ya shafe mu matuƙa tunda sau da yawa cajin kuɗi muke kaiwa.

Daga 2008 Intel ta fara shigar da sashen da ke kula da RAM cikin firosesa kanta, shi ya sa ba kasafai muke ganin lambar bas a sababbin kwamfutoci ba. Yanzu nau'in RAM za mu duba: DDR4 ta fi DDR3 sauri.

Saboda haka idan mun je saye, mu yi tambaya uku: wane zubi ce firosesar, ƙwaƙwalwa nawa ke cikinta, kuma RAM nawa ce, wace iri? Lambar agogo tana da amfani ne kawai wajen gwada firosesa biyu 'yan gida ɗaya, zubi ɗaya. Sannan mu ce a kunna mana, mu buɗe manhajoji uku ko huɗu a lokaci guda mu gani da idonmu. Gumin iyayenmu ya fi ƙarfin a sayar mana da lamba.