Sayen Wayar Salula Ga Iyaye Tsofaffi: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

A cikin watan Janairun 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka, inda kamfanonin MTN da Econet da kuma NITEL kowannensu ya biya dalar Amurka miliyan 285. Kafin wannan lokaci, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma ɗan kasuwar da ke zaune a Agege ko Sabo ta Ibadan ko Fatakwal, in yana son jin lafiyar mahaifansa da ke gida, sai dai ya ba direban mota wasiƙa ko kaset, ya zauna jiran amsa. A yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, kuma waya ta zama hanyar da ake gaisuwa, ake aika kuɗin cefane, ake sanar da haihuwa da rasuwa.

To, amma wanda yake ɗan shekara 40 a lokacin da aka fara wannan harka, yanzu ya ba 60 baya. Idonsa da kunnensa da yatsunsa ba kamar da ba ne, alhali kuwa kamfanonin ƙera waya matasa suke yi wa aiki. Wannan ne ya sa zaɓen wayar da za a saya wa tsoho ko tsohuwa ya zama al'amarin da ke bukatar lissafi irin na kasuwa.

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne auna darajar iyaye da tsadar waya. Mutum ya samu buɗi, ya shiga Computer Village a Ikeja ko Banex a Abuja ko Farm Centre a Kano, ya ɗauko babbar waya ta dubban ɗaruruwan Naira domin ya faranta wa mahaifinsa rai. Bayan mako biyu wayar tana hannun jikoki suna kallon fina-finai, caji ya ƙare, shi kuwa dattijon an koma nemansa ta wayar maƙwabci. An kashe kuɗi, bukata ba ta biya ba.

Dalilin haka yana cikin yadda gilashin wayar shafawa yake aiki. Ba ƙarfin dannawa yake ji ba, ɗan guntun lantarkin da ke ratsa fatar ɗan Adam yake ganewa. Yatsan da ya bushe, ko ya yi kanta saboda noma da sauran aikin hannu, ba ya isar da wannan saƙo sosai, balle a lokacin hunturu. In kuma hannu yana ɗan rawa, abin da aka yi nufin taɓawa sau ɗaya sai wayar ta ɗauke shi a matsayin ja ko dogon danni, ta buɗe wani abu dabam. Amsa kira kansa, wanda a wayoyi da yawa sai an ja wata alama zuwa sama, kan gagari dattijo har kiran ya katse. Wayar maɓallai kuwa tana magana da yatsa: kore na amsawa, ja na kashewa, kuma a kan lamba 5 akwai ɗan tudun da aka yi musamman domin a gane tsakiyar lambobin ko da a cikin duhu. Saboda haka a duba girman maɓallan, a tabbata akwai tazara a tsakaninsu, lambobin manya ne, kuma suna kawo haske da dare.

Sai batun kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai hana walwala, kuma siririn sauti shi ne yake fara ɓacewa. Ke nan ƙarar kira mai kauri ta fi mai tsini amfani, kuma a haɗa ta da girgiza. Abin da masu saye ba su cika gwadawa ba shi ne ƙaramar sifikar da ake karawa a kunne. Mai shago zai kunna kiɗa ya cika wuri da ƙara, amma wannan babbar sifika ce ta baya. Tilas ne a sa layi, a kira wayar a nan cikin hayaniyar kasuwa, a kara a kunne a ji. Idan ta kunne ba ta da ƙarfi, tsoho zai dinga sa kowane kira a babbar sifika, kuma duk wanda ke zaure zai san nawa aka aiko da ranar da aka aiko.

Akwai kuma gaskiyar da ake jin nauyin faɗa: da yawa daga cikin iyayenmu ajami suka iya, ba boko ba, wasu kuma lambobi kawai suke ganewa. Jerin sunaye 200 da aka ajiye a waya bai amfane su da kome ba. Maganin wannan yana nan a kusan kowace ƙaramar waya, wato ɗaura lambar mutum a kan maɓalli guda. A sa babban ɗa a kan 2, 'yar da ke aure kusa a kan 3, mai kemis ko direban da aka amince da shi a kan 4, in aka danne maɓallin na ɗan lokaci sai kira ya tafi. Wayar da ba ta da wannan tsari, a bar wa mai shago kayarsa. Wasu wayoyin kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, suna da tsarin harshen Hausa, ko da yake wani lokaci Hausar takan fi Turancin wuyar ganewa, don haka a karanta ta tukuna.

Dangane da batir, lissafin a fili yake. Ƙaramar waya mai batir na awo 1,000 zuwa 2,500 na ma'aunin mAh takan yi kwanaki ba a yi mata caji ba, babbar waya kuwa mai 5,000 da ƙyar take wuce kwana biyu, domin gilashinta da intanet suna shan wuta. A garin da ba lantarki, inda sai an kai waya shagon mai janareto ko mai sola an biya, wannan bambanci kuɗi ne. Fiye da haka ma, batirin da ake iya cirewa yana ba da damar a sayi biyu, a aika yaro da ɗaya wurin caji, waya da layinta su zauna a gida. Za a ga muhimmancin wannan nan gaba. A lura kuma da bakin caja: tsohon samfuri ta fuska ɗaya yake shiga, kuma mai raunin gani yakan tura shi a juye har ramin ya lalace, sabon da ake kira USB-C kuwa ta ko'ina aka sa ya shiga. Tocila, da rediyon da ke kamawa ba tare da an sa wayar kunne ba, da gurbin memori na karatun Alƙur'ani da tafsiri, su ne abubuwan da dattawa suka fi amfani da su bayan kira. Ba banza ba ne Nokia 1100, wadda ta fito a 2003 da tocila a ka, ta zama ɗaya daga cikin wayoyin da aka fi saye a tarihi.

Wannan ba ya nufin babbar waya ba ta da gurbi. Tsohuwar da 'ya'yanta suka warwatsu tsakanin Legas da Kumasi da Jidda, saƙon murya na WhatsApp ya fi mata kome, domin ba ya bukatar karatu ko rubutu, ga kuma ganin fuskar jikoki. Haka nan tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke karɓar fansho ta hukumar PTAD, tun 2023 ana tabbatar da cewa suna raye ne ta intanet, da hoton fuska ko zanen yatsa. Wanda zai sayi irin wannan waya, ya ƙara girman rubutu, ya kunna tsarin sauƙaƙawa da akasarin wayoyin Android suke da shi, ya share duk abin da ba a bukata daga fuskar farko, ya sa hoton kowane ɗa a kan lambarsa. Kada kuma a mayar da iyaye juji na tsofaffin wayoyi. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk wayar da tsarinta bai kai Android 5 ba, kuma irin wannan yankewa takan faru lokaci-lokaci. Masu aiko da tsaraba daga ƙetare su ma su kula: iPhone 14 da aka sayar a Amurka a 2022, da waɗanda suka biyo bayanta a can, ba su da ramin sa layi sam, wasu kuma a kulle suke da kamfanin da ya sayar da su.

Inda haɗarin ya fi girma shi ne wajen kuɗi. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin kuɗi, dattawa da dama da ba su taɓa hulɗa da banki ba suka buɗe asusu, kuma layin wayarsu ya zama mabuɗin asusun. Ƙaramar waya ta isa yin wannan aiki ta gajerun lambobi, alal misali *894# na First Bank, ko *919# na UBA, ko *737# na GTBank, ba tare da intanet ba. Amma wannan sauƙi kaifi biyu gare shi, domin ɓarawon da ya sami layin, ko da na awa guda ne a shagon caji, yana iya neman bayanan asusun ya gwada kwashe abin da ke ciki. Rigakafin shi ne a sa wa layin kansa lambar sirri, ba wayar kaɗai ba, ta yadda in aka zare shi aka sa a wata waya ba zai buɗe ba. Sai dai a sani cewa duk lokacin da wayar ta mutu aka kunna za ta nemi lambar, kuma in aka yi kuskure sau 3 layin zai kulle, sai da wata lamba mai suna PUK da ke jikin katin da aka ɓallo layin. Wannan kati ɗa ne ya kamata ya adana shi. A kuma nanata wa iyaye, har su haddace, cewa babu bankin da zai kira ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo. 'Yan damfara sun iya Hausa, sun iya sallama da ladabi, har "Baba" da "Hajiya" suke cewa.

Wani abin da ake sakaci da shi shi ne sunan da aka yi wa layi rajista. Tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma a watan Satumban 2024 aka rufe waɗanda ba a haɗa ba. In layi ya ɓata, mai sunan ne kamfani zai nema kafin a dawo da shi. Layin da aka saya a gefen titi da rajistar wani, ranar da ya ɓata ya tafi ke nan, tare da saƙonnin banki. Bugu da ƙari, bisa ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata 6 ba a yi wata hulɗa da shi ba ana iya dakatar da shi, daga baya a sayar wa wani. Wannan yakan sami layi na biyu da aka manta da shi a cikin waya mai layi biyu. A ganinmu, in dai kamfani ɗaya yana da sabis mai kyau a garin, layi ɗaya ya wadatar, domin tambayar da waya ke yi a kowane kira, ta wane layi za a bi, ita kanta ruɗani ce. Maƙwabtan iyaye su ne za su faɗi kamfanin da ke kamawa a cikin ɗaki, ba tallar rediyo ba.

Tun 2023 hukumar ta daidaita gajerun lambobi a dukkan kamfanoni: 310 na duba kuɗin kira, 311 na sa kati. Aika kalmar STOP zuwa 2442 yana tsayar da saƙonnin talla, waɗanda ta hanyarsu ne dattijo kan danna abin da bai sani ba a dinga cire masa kuɗi, abin da ya ƙara ciwo bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da aka amince da shi a Janairun 2025. Ana kai ƙara ga hukumar kyauta ta 622, lambar neman agajin gaggawa kuma 112 ce.

A wurin saye, araha ba ta ado. Faɗuwar darajar Naira tun Yunin 2023 ta ɗaga farashin duk kayan da ake shigowa da su, ta kuma buɗe wa jabu kasuwa, musamman masu ɗauke da sunan Nokia. A danna *#06#, lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, a gwama ta da wadda ke jikin kwali da ƙarƙashin batir. In sun saɓa, akwai magana. A karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba, a tambayi wa'adin garanti, a kuma fifita samfurin da mai gyara na kasuwar mako zai iya samun batirinsa da gilashinsa. Tecno da Itel suna da cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane, amma tsohon da ke ƙauye mai gyaran bakin tasha ya sani.

Ranar miƙa wayar, kada a aika ta a kwali ta hannun direba. A zauna da mai ita, a kira shi ya amsa, shi ma ya kira, sau da yawa, har hannunsa ya saba, sannan a rubuta muhimman lambobi da manyan alƙaluma a takarda a ajiye a ɗaki saboda ranar da wayar za ta ɓata. In kuwa ta lalace bayan shekara biyu ko uku, a nemo irinta sak, ko mafi kusa da ita a tsarin maɓallai, ko da a lokacin an sami halin sayen wadda ta ninka ta tsada.