Fuskar Japan, Muryar Amurka

Daga 1986 zuwa 1990, tashar TBS ta Japan ta nuna gasar Takeshi's Castle, inda 'yan takara ke tsallake shingaye suna faɗawa cikin taɓo. A 2003 Amurkawa suka cire muryoyin asali suka ɗora nasu, suka kira shirin MXC. Ba fassara ba ce: sunaye da kalamai duk ƙirƙira ne, wasunsu na batsa.

Mu da muka saba da fina-finan Indiya masu muryar Hausa, abin ya shafe mu. Raha halas ce, amma ƙaga wa mutum magana don a yi masa dariya izgili ne, wanda Suratul Hujurat ta hana. Kafin mu miƙa wa yara waya, mu fara sauraron muryar da aka ɗora.