Kilishi: sana'ar gida mai ciyar da iyali

Garin Madawa ya yi suna a Nijar wajen kilishi. Sana'a ce ta mahauta, wadda ɗa yake koya daga ubansa.

Ana yanka jan naman sa fale-fale, a shanya shi a rana. Sai a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da barkono da citta da gishiri. A sake shanyawa, sannan a gasa.

Barkonon nan asalinsa daga nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar Meziko sun daɗe suna noma shi. A shekarar 2010, hukumar UNESCO ta sanya girkinsu na gargajiya cikin kayan gadon duniya. Ashe abincin gida abin daraja ne.

Abu biyu ke karya wannan sana'a: ƙazanta da rashin lissafi. Ku kare nama daga ƙuda da ƙura. Ku rubuta kuɗin nama, gyaɗa da itace, da bashin da kuka bayar. Wanda ya iya rubutu zai bambanta riba da uwar kuɗi, ya bar wa ƴaƴansa sana'a mai ɗorewa.