Gurbin da Tuwo Ya Bari: Matsayin Furotin a Abincin da Aka Rage wa Sitaci

MAI GABATARWA:

Shirin musamman na wannan mako ya shafi duk wanda likita ya umarta da ya rage tuwo da shinkafa da burodi saboda ciwon sukari, da wanda ya ɗaukar wa kansa wannan mataki domin rage ƙiba, kuma tambayar da shirin zai bi diddiginta ita ce abin da ya kamata ya cike gurbin da sitaci ya bari a akushi, da irin aikin da furotin, wato sinadarin gina jiki, yake yi a cikin wannan tsari.

Masana abinci sun kasa abubuwan da ke ba jiki kuzari gida uku. Na farko shi ne kabohaidiret, wanda ya ƙunshi sitaci da sukari, kuma shi ya mamaye hatsi da rogo da doya da dankali. Na biyu shi ne mai, ko na dabba ko na tsiro. Na uku kuwa furotin, wanda ake samu a nama da kifi da ƙwai da nono da dangin wake. Ana auna kuzarin da ma'aunin da ake kira kalori, inda giram ɗaya na kabohaidiret ko na furotin yake ba da kalori 4, giram ɗaya na mai kuma yake ba da 9. Idan abin da mutum yake ci na kabohaidiret a yini bai kai giram 130 ba, to ya shiga tsarin rage sitaci, idan kuwa ya sauka zuwa tsakanin giram 20 da 50, ya kai ga tsattsauran tsarin da ake kira kito. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da kimanin giram 45, wanda hakan ya isa ya nuna girman canjin da ake nema daga mutumin da ya tashi da koko da safe, ya sha fura da rana, ya kwana da tuwo.

Tsarin ya daɗe. A shekarar 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a birnin Landan, William Banting, ya wallafa ɗan littafi yana bayyana yadda ya zubar da fiye da kilo 20 bayan ya bar burodi da sukari da dankali ya koma ga nama da kifi, sannan a 1972 likitan Amurka Robert Atkins ya sake farfaɗo da shi har ya yaɗu a duniya.

Fahimtar matsayin furotin tana farawa daga abin da ke faruwa a jiki a kwanakin farko na barin sitaci. Jiki yana da ɗan rumbun sukari da ake kira gilaikojin, kimanin giram 100 a hanta da kimanin giram 400 a tsoka, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan ninki uku na nauyinsa, saboda haka saurin raguwar nauyi da ake gani a makon farko yawancinsa ruwa ne. Da zarar rumbun hanta ya yi ƙasa, sai a shiga matsala, domin ƙwaƙwalwa a al'adance tana ƙona kimanin giram 120 na gulukos, wato sukarin jini, a kowace rana, jajayen ƙwayoyin jini kuma ba su iya amfani da wani makamashi sai shi. A nan ne hanta take fara ƙera gulukos da kanta daga wasu abubuwa, kuma babba daga cikinsu shi ne amino asid, wato ƙananan tubalan da ake harhaɗawa su zama furotin. Tubalan nan iri 20 ne, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya haɗa su, tilas sai ta abinci. Abin lura a nan shi ne jiki ba shi da rumbun furotin kamar yadda yake da na kitse, don haka idan abinci bai kawo isasshe ba, hanta tana samun abin da take buƙata daga tsokar mutum. Wanda ya bar tuwo ya koma ga ruwan miya da ganye kaɗai zai ga sikeli ya sauka, amma wani kaso na abin da ya rasa naman jikinsa ne, kuma rashin tsoka asara ce babba ga mai ciwon sukari musamman, tun da tsoka ce take zuƙe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci.

Bayan 'yan kwanaki hanta takan fara sarrafa kitse zuwa wasu sinadarai da ake kira kiton, waɗanda ƙwaƙwalwa take iya ƙonawa, kuma binciken da George Cahill da abokan aikinsa suka wallafa a 1967, a kan mutanen da suka shafe makonni ba su ci abinci ba, ya nuna cewa kiton na iya ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na buƙatar ƙwaƙwalwa. Wannan yana rage cin tsoka ƙwarai, sai dai bai kawar da buƙatar furotin ba, domin gyaran tsoka da fata da jini da garkuwar jiki aiki ne da ba ya tsayawa.

Aiki na biyu da furotin yake yi ya shafi yunwa. A cikin rukunan abinci uku shi ne ya fi riƙe ciki, saboda yana rage sinadarin girelin da tumbi yake fitarwa don tayar da yunwa, yana kuma ƙara sinadaran hanji masu sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Bayan haka, narkar da shi yana da tsada ga jiki, domin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kalorin da ke cikinsa yana ƙarewa ne wajen sarrafa shi, alhali na kabohaidiret bai wuce kashi 5 zuwa 10 ba, na mai kuwa bai kai hakan ba ma. Wannan ne ya sa masana da yawa suke ganin cewa wani babban kaso na nasarar da ake jingina wa rage sitaci ya samo asali ne daga ƙarin furotin da ke biyo bayansa, tun da wanda ya ƙoshi da wuri yakan ci kaɗan ba tare da ya ƙirga ba. Ra'ayin yana da madafa, domin a gwajin da jami'ar Stanford ta wallafa a 2018, wanda ya haɗa mutum 609 tsawon shekara guda, masu rage sitaci sun rasa matsakaicin kilo 6, masu rage mai kuma kilo 5.3, bambancin da bai taka kara ya karya ba a lissafin masu bincike. Inda rage sitaci ya fi nuna amfaninsa a fili shi ne saisaita sukarin jini, kamar yadda Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Sukari ta Amurka ta amince a rahotonta na 2019.

Game da adadi, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ya sanya giram 0.83 a kan kowane kilo na nauyin baligi, wato kimanin giram 58 a yini ga mai kilo 70. Wannan shi ne gwargwadon da ke kare mai lafiya daga ƙaranci, amma ga wanda yake rage nauyi masana da dama suna ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.6, ga tsofaffi kuma, waɗanda tsokarsu take zagwanyewa da shekaru, giram 1 zuwa 1.2. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar nauyin nama a matsayin nauyin furotin, alhali giram 100 na dafaffen naman shanu marar kitse giram 26 kawai yake bayarwa, ƙwai ɗaya kuma giram 6. Mai kilo 70 da ke neman giram 84 zai iya kusantar wannan adadi da ƙwai biyu, da gunduwar kifi mai giram 100, da ɗan naman kaza, da awara mai giram 150, da kofin kindirmo marar sukari, da cikin tafin hannu na gyaɗa, kuma raba su tsakanin safe da rana da dare ya fi amfani ga tsoka a kan tara su a ci lokaci guda.

Kamar yadda furotin yake da ƙasan da bai kamata a gaza ba, haka yake da iyakar da ba a ƙetarewa lafiya. Idan jiki ya ƙona amino asid yakan bar shara mai ɗauke da sinadarin naitirojin, wadda hanta take mayarwa yuriya, ƙoda kuma ta fitar ta fitsari, kuma ƙarfin hanta a wannan aiki yana da iyaka. Vilhjalmur Stefansson, mai binciken da ya zauna shekaru tare da al'ummar Inuwit a yankin ƙanƙara na arewacin duniya, ya amince a 1928 likitocin asibitin Bellevue da ke New York su sa ido a kansa shekara guda yana cin nama kaɗai, kuma da aka fara ba shi zallar tsoka marar kitse, cikin kwana uku gudawa da tashin zuciya suka kama shi, bai warware ba sai da aka dawo masa da kitse. A tsawon shekarar, kusan kashi huɗu cikin biyar na kuzarinsa daga kitse ya fito. Haka nan tsarin kito na asali, wanda Russell Wilder na asibitin Mayo ya gabatar a 1921 don yara masu farfaɗiya, yana auna furotin daidai buƙatar girma kawai. Ɗaukar rage sitaci a matsayin lasisin zama gaban mai tsire da balangu kullum rashin fahimtar tsarin ne tun daga tushe.

Tushen furotin ɗin ma yana da nauyi a cikin lissafi. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya bi rayuwar Amurkawa fiye da 15,000 tsawon kimanin shekara 25, ya gano cewa mace-mace sun ƙaru a cikin waɗanda suka maye gurbin sitaci da nama da kitsen dabba, sun kuma ragu a cikin waɗanda suka maye shi da furotin da man tsirrai. Binciken na lura ne, ba ya tabbatar da cewa abincin ne sanadi kai tsaye, amma saƙonsa ya dace da halin da ƙasar Hausa take ciki, inda nama ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan magidanta, alhali Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake. Sai dai wake yana buƙatar bayani, domin a giram 100 na busasshensa akwai kimanin giram 24 na furotin tare da kusan giram 60 na kabohaidiret, ko da yake dusar da ke cikinsa tana rage saurin hawan sukari, saboda haka ya dace da matsakaicin tsari amma yana da wuyar shiga tsattsauran kito. Alale da ƙosai sun fi ɗanwake dacewa, tun da garin ɗanwake sau da yawa rogo ko fulawa sun rinjayi waken da ke cikinsa. Awara kuwa, wadda ake yi da waken suya, tana daga cikin abubuwan da suka fi dacewa da wannan tsari a kan farashi mai sauƙi, domin sitacinta kaɗan ne kuma furotin ɗinta ya ƙunshi dukkan tubalan nan 9, matuƙar dai ba a jiƙa ta da man da aka maimaita suya da shi ba. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi da fara da cuku duk suna cikin wannan sahu, kuma abin takaici ne yadda ake raina su a matsayin abincin talaka. Acca da alkama, waɗanda ake yawan yaba wa masu ciwon sukari, hatsi ne masu sitaci kamar sauran, kilishi kuma, duk da yawan furotin ɗinsa, gishirinsa yana da yawa ga mai hawan jini.

Akwai mutanen da wannan tsari bai kamata su shige shi da ka ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu lafiyayyar ƙoda ba su nuna cewa ƙarin furotin gwargwadon da aka ambata yana lalata ta ba, amma ga wanda ƙodarsa ta riga ta raunana kuma bai kai ga wankin ƙoda ba, likitoci sukan taƙaita masa furotin zuwa giram 0.6 ko 0.8 a kan kowane kilo. Abin da ya sa batun ya zama mai haɗari shi ne ciwon sukari da hawan jini su ne manyan abubuwan da ke jawo ciwon ƙoda, ciwon kuma yakan shafe shekaru yana ci ba tare da wata alama ba, wato waɗanda suka fi buƙatar rage sitaci su ne kuma suka fi yiwuwar kasancewa da ƙodar da ba ta jure yawan furotin. Mai yin allurar insulin ko mai shan ƙwayar ciwon sukari ta gilibenkilamaid, idan ya yanke sitaci ba tare da an rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma, mata masu ciki da masu shayarwa da yara kuwa ba a sanya su a tsattsauran tsari sai bisa kulawar asibiti. Saboda haka kafin mai ciwon sukari ya ƙara nama ko kifi ko awara a akushinsa, ana buƙatar a yi masa gwaji biyu, na jini wanda ke auna sinadarin kiriyatinin don sanin ƙarfin tacewar ƙoda, da na fitsari wanda ke nuna ko furotin ya fara yoyo, kuma a kan sakamakonsu ne likita zai ƙayyade masa giram nawa zai ci a yini.