Larurar ADHD a wurin manya: cututtukan da ke tafiya tare da ita

Wataƙila tun kana makarantar allo a Kabara ake ce maka mai ƙiriniya, ka sha bulala saboda ba ka iya zama wuri ɗaya. Yanzu ka girma, ƙiriniyar ta lafa, amma har yau kana manta alƙawari, kana fara aiki ka bar shi a rabi, kuɗin ciniki su zurare ba ka san inda suka shiga ba. Wannan na iya zama larurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, wadda likitoci ke kira ADHD. Larura ce ta ƙwaƙwalwa, ba lalaci ko rashin tarbiyya ba. Alamunta na bayyana kafin shekara 12, kuma a duniya kimanin manya 2 zuwa 3 cikin 100 na ɗauke da ita.

Ba kasafai take zuwa ita kaɗai ba. Fiye da rabin manyan da ke da ita suna da wata larurar a tare. Sau da yawa ta biyun ce ke kai mutum asibiti, a yi ta maganinta, tushen yana ɓoye.

Waɗanda suka fi yawa

Ciwon damuwa: baƙin ciki da daina jin daɗin komai har tsawon mako 2 ko fiye. Wanda ya shekara da shekaru ana ce masa ba ya da amfani, a gida da kasuwa, yana da saurin faɗawa ciki.

Ciwon fargaba: zullumi kullum, faɗuwar gaba da rashin barci.

Shaye-shaye: wasu na shan tiramol, wiwi ko kodin don su samu natsuwa. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma wanda ba a magance masa asalin larurar ba yakan koma wa wani abin.

Cutar baifola: mutum ya yi kwanaki cikin zumuɗi, yawan surutu da kashe kuɗi barkatai, ba ya jin buƙatar barci, daga baya ya faɗa damuwa.

Yadda ake bambance su

ADHD tana nan kullum tun yarinta. Damuwa da baifola kuwa zuwa suke yi su tafi, har iyalinka su ce ka canza. Shi ya sa likita zai tambayi yadda kake kana yaro. In da hali, ka je da mahaifiyarka ko yayanka, domin sukan tuna abin da ka manta.

Magani

Ana fara wa da larurar da ta fi haɗari. Idan akwai baifola, sai an daidaita ta tukuna, domin maganin ADHD irin su methylphenidate na iya tayar da zumuɗin. Idan akwai shaye-shaye, likita na iya zaɓar atomoxetine, wanda ba ya sa jaraba. Saboda haka kada ka ɓoye abin da kake sha, kuma kada ka sayi ƙwaya a kemis da kanka. Bayan magani, ana koya maka dabarun tsara lokaci da rubuta ayyuka.

Ina za ka je?

Daga Kabara, Asibitin Murtala ba shi da nisa. Likitan can zai iya tura ka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Idan 'yan uwa suka ce sammu ne ko iska, ku ci gaba da addu'a, amma a ga likita. Idan kuma tunanin kashe kanka ya zo maka, ka gaya wa wani na kusa, ku tafi asibiti a ranar.